Kafin Ka Fesa: Yadda Ake Neman Turaren Da Zai Karɓe Ka

Akwai tambayar da ta cinye kuɗin bayin Allah da yawa: "Don Allah Alhaji, wane turare ne wannan?" A wurin ɗaurin aure ake yin ta, ko a bakin masallaci bayan an sallame Juma'a. Alhaji ya yi murmushi, ya gyara zaman babbar riga, ya faɗi suna. Kai kuma ka adana a waya, washegari ka nufi Sabon Gari, ka zube kuɗin cefanen mako guda, ka dawo gida ka feshe jikinka. Kafin La'asar uwargida ta fara zagaya ɗaki tana tambayar wanda ya zubar da fiya-fiya. Mai shago bai cuce ka ba. Kwalbar ita ce, sunan shi ne. Jikin ne ba na Alhaji ba.

Turare ba ya ƙamshi shi kaɗai, sai ya hau fata ya gauraya da abin da ya tarar. Fata mai maiƙo tana riƙe shi ta dinga sakinsa a hankali har dare. Busasshiya kuwa nan da nan take sallamarsa. Shi ya sa da hunturu, lokacin da ƙafafu suka yi fari fat leɓe ya tsattsage, za ka ji mutum na rantsuwa an sayar masa da jabu, alhali fatarsa ce ke jin ƙishi. Maganin wannan ba ya wuce ka fara shafa mai marar ƙamshi, ko da basilin ne, sannan turare ya biyo baya. Zafin jiki ma da nasa aikin: jikin da ke ɗaukar zafi da wuri yana tayar da ƙamshi da ƙarfi, ya kuma ƙarar da shi da sauri. Ga gumi. Shi kansa ba shi da wani wari na a zo a gani, ƙananan halittun da ke zaune a fata, musamman a hammata, su ne ke sarrafa shi ya koma abin da muka sani, kuma kowa da irin nasa mazaunan. Abinci ma yana sa baki. Tafarnuwa tana fita a gumi. 'Yar'uwa mai shan hulba, ki sa ta a lissafi, domin ita ma ta nan take biyowa, za su haɗu da humrarki a wuya ko sun shirya ko ba su shirya ba. Saboda haka ki gwada turare a kwanakin da kike shan ta, in dai da ita za ki ci gaba.

A nan ya kamata a faɗi wata magana da babbar murya: turare ba wanka ba ne. Wanda ya fesa a kan gumin jiya ya haifar da wani abu na uku da har yau ba a raɗa masa suna ba.

Hanci ma ba ɗaya ba ne. Ɗan Adam yana da na'urorin kama ƙamshi wajen nau'i 400 a cikin hancinsa, waɗanda gano su ya sa Linda Buck da Richard Axel suka sami kyautar Nobel a 2004, kuma yadda suke aiki ya bambanta daga mutum zuwa mutum tun daga gado. Akwai wanda ba ya jin wasu nau'o'in almiski ko kaɗan. In maiɗakinka ta ce ka cika gida da almiski kai kuma ka ce ba ka jin komai, kada a kira waliyyai. Dukanku gaskiya kuke faɗa.

To, ranar zuwa saye. Ka fita da safe, jiki a wanke, ba ka shafa komai ba, ba ka kuma biya ta wurin mai tsire ka shaƙi yaji ba. Kana shiga mai turare zai tarbe ka da fara'a, ya kama hannunka, ya fara goga maka bakin kwalba daga tsintsiyar hannu: "Shinshina wannan, Yallaɓai, jiya-jiya ya sauka daga Dubai." Kafin ka ce uffan ya kai gwiwar hannu da kwalba ta bakwai, ya fara hararar ɗaya hannun. Ka janye cikin ladabi ka ce uku sun isa. Bayan uku ko huɗu hanci ya gaji, duk abin da aka miƙo maka daɗi zai yi, ko kuma duk su zama ɗaya. In kanka ya fara juyawa, fita ƙofar shago ka sha iska.

Kada ka biya a wannan zaman. Masu haɗa turare hawa uku suke yi masa. Abin da ya fara bugun hancinka shi ne mai saurin tashi, irin su lemo da na'ana'a, wanda cikin minti goma sha biyar zuwa rabin awa ya kama gabansa. Sai na tsakiya ya fito, su wardi da kanumfari da kirfa, ya yi 'yan awanni. Daga ƙarshe na ƙasa ya rage, su sandal da al'ud da almiski da ambar da jema, kuma da shi za ka wuni, shi ne zai kwana a rigarka. Zaɓen turare neman aure ne: ranar gaisuwar farko kowa mai fara'a ne, hali sai an zauna. Saboda haka ka bar shagon da turaren a jikinka, ka shiga kasuwar Kwari ka yi hidimarka, ka yi gumi, ka shinshina bayan awa ɗaya, ka sake bayan awa huɗu. Sai dai ka lura da inda aka shafa maka. In a tsintsiyar hannu ne, alwalar Azahar za ta tafi da shaidarka gaba ɗaya. Ka ce a sa maka a damtse, sama da gwiwar hannu, inda ruwa ba ya kaiwa. In da yamma kai da shi kuna nan lafiya, koma ka sayi 'yar ƙaramar kwalba, mai mililita 3 ko 6, ka yi mako da ita. Babbar kwalba ba za ta gudu ba, mai shago ma haka, ko da ya rantse cewa guda ɗaya ta rage a duk faɗin Kano.

Rubutun Faransancin da ke jikin kwalin na fesawa yana gaya maka yawan man ƙamshin da ke ciki. Parfum yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, eau de parfum wajen 15 zuwa 20, eau de toilette 5 zuwa 15, eau de cologne kuwa 2 zuwa 4 kacal, sauran mafi yawansa sinadarin barasa ne da ɗan ruwa. Wanda ya sayi na ƙarshen yana jiran ya kai shi Isha'i zai sha jira. Turaren mai, irin wanda ake ɗigawa a yatsa, ba ya tafiya nesa amma yana daɗewa, kuma ya fi sauƙi ga fatar da barasa ke busarwa. Shi ya sa kakanninmu suka riƙe Bintu Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na Landan ya fitar a 1920 ba tare da barasa ba, har aka zo ana ɗura shi a Kano. Ni ban yarda da masu raina shi don araha ba. Turaren da ya shekara ɗari yana shiga biki da suna ya ci jarrabawar da na yayi da yawa ba za su kai gare ta ba.

Ka yi shawara da yanayi kuma. Al'ud mai nauyi a Sakkwato cikin watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ƙarfe biyu na rana, wannan hukunci ne a kan jama'a. Ajiye shi sai sanyin Disamba ko daren biki. Da bazara a nemi mai sauƙi.

Yanzu ga wurin da na fi damuwa da shi, wato yawa. Hanci yana da wata ɗabi'a: ƙamshin da ya daɗe yana ji sai ya daina kai rahotonsa. Minti kaɗan bayan ka fesa za ka ji shiru, ka ɗauka ya tafi, ka ƙara uku. A bakin ƙofa ka ƙara biyu a hula. Kai ba ka jin komai, amma mai adaidaita ya fara tsiyayar hawaye, fasinjan gefenka ya leƙa da kai waje yana neman hayaƙin tirela ya huta. Fesa biyu ko uku sun wadatar, na mai kuwa ɗigo ɗaya a bayan kowane kunne. In kana shakka, kira autan gida ka tsaya taku uku daga gare shi. In ya ji ka daga nan ya yamutsa fuska, rage. Yara ba sa karɓar cin hanci a wannan shari'a. Dariya muke yi, amma a cikin sahun da za ka tsaya akwai mai asma wanda ƙirjinsa ke toshewa da ƙamshi mai ƙarfi, akwai mai ciwon ɓarin kai da zai kwana a kwance saboda kai, a ofis akwai mai juna biyu da zuciyarta ke tashi. Ba za su gaya maka ba saboda kunya. Shafa turare ranar Juma'a sunna ce da ake yi don daɗaɗa wa jama'a, to a daɗaɗa musu. Dubiya a asibiti da barkar haihuwa kuwa, a je da sabulu kawai.

Fatarka ma tana da haƙƙi. Duk sabon turare, ka ɗiga kaɗan a cikin damtse ka bar shi kwana biyu, domin ƙin jinin da fata ke yi wa sinadari sau da yawa ba ya nunawa nan take. In wurin ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko ƙananan ƙuraje, kun rabu ke nan, ko nawa ka saye shi. Kada ka ce bari in daure ta saba, wannan irin ba ya sabuwa, ƙaruwa yake yi. In ya kai ga kumburi ko numfashi ya yi nauyi, sai asibiti. Tun 2005 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta sunayen sinadaran ƙamshi 26 da aka san suna tayar da fata a jikin kwali, a 2023 kuma jerin ya haura 80. Ka duba bayan kwalin da ya ƙi ka da na wanda ya karɓe ka, ka kwatanta. Za ka ci karo da limonene da linalool da eugenol da cinnamal. Eugenol na cikin kanumfari, cinnamal na cikin kirfa, wato kayan da ke kicin ɗinmu. Wannan ya isa ya nuna cewa "ai na gargajiya ne" ba kariya ba ce. Humrar Maiduguri, da sandal ɗinta da farcen nan da ake samu daga dodon-koɗin teku, abin alfahari ce, amma ita ma a gwada ta kafin amarya ta mulke jiki da ita ana gobe ɗaurin aure.

Wani tarkon rana ce. Man ɓawon wasu lemuka, musamman bergamot da lemon tsami, in ba a tace shi ba ya kuma haɗu da hasken rana a fata, yakan bar baƙin tabo da ke yin watanni. Mai irin wannan turare ya bar wuya ya fesa a tufa, daga ɗan nesa, kuma ya fara gwadawa a cikin kalmasa. Man al'ud a kan farar shadda tambari ne da mai wanki zai tuna da kai saboda shi. Jarirai kuwa a bar su da ƙamshin da Allah ya ba su. Turaren wuta a turara kaya a kan kabbasa, a buɗe taga, a fitar da kasko kafin a shigo da jinjiri. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba da ba ta da wari, ko da an zuba masa gabgab mafi tsada.

Inda kake ajiyewa ma yana cikin zaɓe. Zafi da haske da iska suna sauya turare, kuma limonene da linalool in suka daɗe suna shan iska sun fi tayar da fata. Kwalbar da ta yi bazara guda a gaban mota ba ita ce ka saya ba. Cikin kwalinta, cikin durowa, murfi a rufe.

Batun jabu gajere ne. Al'ud na gaske yana fitowa daga bishiyar Aquilaria ta yankin Assam a Indiya da Kambodiya da Biyetnam, sai ta ji rauni naman gwari ya kama ta kafin ta fitar da ƙaron mai ƙamshi, kuma saboda yawan sara tun 1995 aka sa fitaccen nau'inta a ƙarƙashin kariyar yarjejeniyar CITES. Wanda ya miƙo maka cikakkiyar kwalba a kuɗin kwanon shinkafa ya ce zallarsa ne, na haɗi ya ba ka. Na haɗi ba laifi ba ne, mafi yawan almiskin duniya yau a masana'anta ake yin sa. Abin gudu shi ne ɗurin da ba a san da me aka sirka shi ba. Duba lambar NAFDAC, ka kuma riƙe mai shago guda da zai ji kunyar ganinka gobe.

Saura masu haɗa lefe. Gwaggo, kafin a cika akwati da manyan kwalabe goma sha biyu don dangin amarya su yi guɗa, a aika ƙanwar ango ta bugi cikin ƙawar amarya: me take shafawa, me ke sa ta atishawa, akwai wanda ya taɓa fesa mata ƙuraje? In an rasa mai kawo labari, a sayi ƙanana kala-kala, a bar sauran kuɗin a ambulan ta je ta zaɓa da hancinta bayan biki. Shi ma angon a tambaye shi ko yana da asma kafin a aiko da buhun turaren wuta daga Maiduguri.