Abin da Ya Toshe Bututun Maigida

A Yawuri, inda kogin Neja ya buɗe ya zama tafki tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, akwai wani mai jirgin su da ya fi 'yan'uwansa dabara. Ya sa kafinta ya keɓe masa akwati a tsakiyar jirgi. Ɗan famfo mai aiki da batir yana jawo ruwan kogi ya zuba ciki, wani bututu mai raga a baki yana fitar da tsohon ruwa ta gefen jirgin. Kifinsa kan iso gaɓa yana wutsil-wutsil, dillalai na rububinsa.

Rannan da hantsi sai yaronsa ya ce, "Maigida, ruwan nan ba ya fita." Ya daka masa tsawa, ya ce a ƙara famfo. Aka ƙara. Ruwa ya cika akwati ya tumbatsa cikin jirgi, yara biyu suka duƙufa kwarfewa da ƙwarya. Da batir ya fara sanyi aka kashe famfo, ruwan ya kwanta, rana ta dafa shi. Ruwa in ya yi ɗumi iskar da ke cikinsa raguwa take yi, ga yauƙi, ga aman kifi. Karfasa ce ta fara juya ciki sama, giwan ruwa ya bi ta. Tarwaɗa kaɗai ta jure, don ita takan leƙo sama ta shaƙi iska.

Kafin su kai gaɓa maigida ya gama yanke hukunci: yaron ne bai wanke raga ba. Ya kore shi a gaban jama'a, ya hana shi kuɗin yini. Sannan ya aika a sayo masa soda don ya zuba a bututu, ya kuma ɗauko wata waya mai tsini.

Wani dattijon masunci da ke gyaran koma a gindin itace ya ce, "Ɗana, dakata. Soda za ta kashe maka kifin gobe, wayar nan kuma in ta huda bututu, kogi ne zai shigo maka jirgi." Ya taso ya cire ragar, ya duba, tas take, ko ɓawon kifi ɗaya babu. Ya zagaya ta waje, ya kafa bakin tiyo a mafitar, ya sa aka tura ruwa da ƙarfi ta baya. Bututu ya yi gurnani, ya amayo abin da ya haɗiye: ledojin fiya wata guda huɗu, a cukurkuɗe.

Wuri ya yi tsit. Kowa a jirgin nan ya san yara da hannu suke kamfatar ruwan kogi su sha. Mutum ɗaya ne ke sayen ruwan leda, shi ne kuma ke zama a kan murfin akwatin, in ya shanye ya cusa ledar ƙarƙashinsa.

Dattijon ya miƙa masa ledojin ba tare da ya ce uffan ba, ya koma kan komarsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, maigidan ya wanke akwatinsa, ya fita su washegari, amma bai aika a kira yaron ba. Yaron maraya ne, shi ke ciyar da ƙannensa.

Na kawo wannan labari ne saboda wani maigida da na san zai karanta shi. Shi ba masunci ba ne, ofis yake riƙe da shi, kuma a bana kaɗai ya sallami yara uku. Ranka ya daɗe, ka aika a kira su.