Fantalo ya dawo Kalfu

A shekarun 1970, saurayin Adar da ya dawo daga bida a Abijan, tun daga nesa ake gane shi: rediyo a kafaɗa, gashi ya tashi tim, takalmi mai tudu, ga fantalo ya matse cinya, ya buɗe a ƙasa yana share titin Tawa ba albashi. Matsalar dai rairayin Kalfu ba kwaltar Tareshibil ta Abijan ba ce. Kafin ya kai ƙofar gidan budurwa, ƙafar wandon ta kwashe ƙarangiyar rabin gari.

Tsofaffi suka yi ta salati, su da bujensu ke cin yadin da zai tufatar da yara uku.

Daga baya aka koma tsukakke, wanda sai an sa leda a ƙafa yake shiga, ruku'u kuwa sai da addu'a. Yanzu ga jikoki ran Lahadi a kasuwar Tawa, suna tonon dilar bosho, suna neman jins mai faɗin ƙafa da suka gani a TikTok. Kakan da ya ɗauki yayin a 1975 shi ne kan gaba wajen faɗa: «Kai, jikalle, wannan wando ne ko tsintsiya?»