Kociyoyin Benci

Duk daren da Real Madrid za ta kara da Barcelona, gidajen kallon ƙwallo na Batsari da Safana kan cika maƙil da kociyoyi. Kowa ya biya kuɗin ƙofa, ya matsu a benci, janareta na ruri, sai ba da umarni: "Ba shi mana! Buga! Kai Yamal, ruga!" Shi kuwa Lamine Yamal, yaron da aka haifa a 2007, yana can Sifaniya bai san ana yi ba. Ko da ihun ya tsallake hamada da teku ya riske shi, ba ya jin Hausa.

To, tunda ba fasawa za a yi ba, gara a yi da yaren da zai gane, abin ma bai kai cirar rogo wuya ba. Aikatau masu bin ƙa'ida a Sifaniyanci kashi uku ne: masu ƙarewa da ar, da er, da ir. In sa'anka za ka umarta, ar ya koma a, sauran biyun su koma e. Pasar, wato miƙa ƙwallo, ya zama pasa. Correr, gudu, ya zama corre. Subir, haurawa, ya zama sube. In ƙungiyar ce kacokan ta ɓata maka rai, cire r ɗin ƙarshe ka liƙa d: pasad, corred, subid.

Akwai na girmamawa, irin yadda muke ce wa dattijo "ku". Nan wasulan ke musayar wuri: pase, corra, suba. Wannan kam kada kowa ya wahalar da kansa haddacewa, don a benci ko alƙalin wasa sunayen da ake kiransa da su ba sa buguwa a jarida.

Sai gari ya waye. Baba ya leƙo shago da hantsi: "Tashi ka kai wa 'yan aiki fura gona." Nan take gwiwar babban koci, wanda ya kwana koya wa Mbappé gudu, ta motsa. Ya ɗaga kai daga katifa ya ce wa ƙaninsa, "Jeka." Ƙanin ya tura na bayansa, na bayan ya tura mai bi masa, har umarni ya gangaro kan auta. Auta ya waiga hagu, ya waiga dama, babu kowa sai akuya tana tuƙa. Ya tsaya ya ɗan yi nazarinta tukuna, sannan ya ɗora ƙwarya a ka yana ƙunƙuni.