Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hajiya Lasifika

Hajiya, ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan batiri bai yi sanyi ba. Ni ɗan cikin ganuwa ne, daga wajen Ƙofar Na'isa, kuma ƙorafi ne ya kawo ni.

Ranar fainal ɗin gasar unguwarmu, da aka ɗaure ki a ƙafar kanofi, kin shelanta cewa Ciyaman ɗin gasar ya raba matasa dubu da zaman banza. Hajiya, ƙungiya takwas ce ta buga. Ko an haɗa da 'yan benci da mai tallan fiya wata, ina dubun take? Kin kuma ce shi ya gano Ahmed Musa. Mutumin nan a Jos aka haife shi, da ƙafarsa ya zo Kano Pillars a 2009 ya zura ƙwallo 18 a kaka guda. Amma daga Dala zuwa Mandawari, da wuya a sami ciyaman da ba ki ba shi wannan lambar yabo ba.

Na san ba ke kaɗai ba ce. Onarabul mai ba da kofi yana hangen zaɓe. Ciyaman yana hangen kuɗin baɗi, kuma wa zai saki kuɗi don an ce masa "an dai taɓa"? Shi kuwa mai riƙe da ke, duk sifirin da ya ƙara sai an yi masa liƙi. Ga shi babu mai rubuta komai. Pillars tana da teburin gasa: ya nuna kofunan 2008, 2012, 2013 da 2014, ya kuma nuna faɗuwar 2022 ba kunya. Mu a unguwa ke ce teburin, ke ce alƙalin.

Abin da ya fi ci mini rai, ba ki taɓa kiran sunan koci ba. Shi ne mai bin yara ɗari-ɗari a kai ƙwallo wajen faci, shi ke ɗaukar wanda ya karye a babur zuwa gidan mai ɗori, shi ke rigima da masu auna fili za su kafa shaguna. Ranar fainal ko kujerar roba bai samu ba, 'yan rakiyar Onarabul sun cinye.

Idan an hayo ki baɗi, don Allah ki tambayar mana ambulan ɗin zakarun bana. An ɗaga shi an ɗauki hoto, aka ce a zo ofis ranar Litinin. Yara suna ta zuwa.

Naki,
Mai kallo daga kan katanga