Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Ake Neman Auren Tsohon Firji

A gidajen tsofaffin ma'aikata na Dutsin-Ma da Kurfi akwai wani dattijo da ke tsaye a lungun ɗaki shekara da shekaru, ba ya magana, ba a kuma gaishe shi. Tsohon firji ne. Tun da ya daina sanyi aka sauya masa aiki: takardun fansho a hawan sama, kwalbar man shanu da ƙullin daddawa a tsakiya, tsofaffin kwanukan uwargida a ƙasa, rediyo kuma a bisa kansa. Wasu daga cikinsu da kuɗin Udoji suka shigo gida, a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da ƙarin albashi ya sa malamin makaranta ya sayi babur da firji a wata guda. Ƙarshen irin wannan dattijo sananne ne. Wata rana 'yan gwangwan za su biyo layi da kurarsu, a ɗora shi a sikeli, a fasa kwamfiresa da guduma a zare jan ƙarfen ciki, sauran gangar jiki ta bi babbar mota. Ni a ganina da yawa daga cikinsu ba ajalinsu ne ya zo ba, kuma mutumin da ya san abin da zai duba zai iya fanso ɗaya da kuɗi kaɗan ya mayar da shi bakin aiki.

Hujjata guda ce, kuma a kanta duk sauran shawarwarin suka rataya. Tsohon firji gaɓoɓinsa kaɗan ne, kuma kowace gaɓa makaniken garinku zai iya taɓa ta da hannunsa. Akwai kwamfiresa mai tura gas, akwai bututun baya da ke fitar da zafi, akwai na ciki da ke haɗa ƙanƙara, sai tamostat mai kashe shi idan sanyi ya kai, da ɗan rile mai tayar da shi, da robar ƙofa. Shi ke nan. Da yawa daga cikin firjin zamani kuwa suna da wata ƙwaƙwalwar lantarki da masu gyara ke kira bod, wadda idan wuta ta zo da hauka ta ƙona ta, sai a zauna jiran wata daga Kano ko Legas, in ma an samu daidai ita. A garin da wutar KEDCO, wadda har gobe NEPA ake ce mata, ke zuwa ba sallama ta tafi ba bankwana, darajar na'ura tana ga sauƙin tayar da ita idan ta faɗi. Mai sayar da zoɓo da kunun aya a tashar Dutsin-Ma, ko mai ajiye kifin Dam ɗin Zobe, ba shi da makon da zai bayar yana jiran saƙo. Idan zafin watan Afrilu ya haura digiri 40, ko azumi ya faɗo a bazara ana layin ƙanƙara tun la'asar, kwana ɗaya ba sanyi asara ce mai lissafi.

To sai ka shiga nema, kuma ka ɗauke shi kamar neman aure, domin zaman zai yi tsawo. Kada ka je kai kaɗai. Ka tafi da mai gyaran firji a matsayin waliyyi, ka biya shi kuɗin ƙafarsa tun kafin ku fita, don idonsa ya zama naka. Idan kun isa ka gaida maigida da kyau, ka tambayi lafiyar iyali, amma ka riƙe fuskarka a gaban firjin. Wanda ya ce "kai, masha Allahu" da ƙarfi a gaban kaya ya ƙara wa kansa farashi da bakinsa. Daga nan sai binciken asali: me ya tsayar da shi, tun yaushe, hannun makanikai nawa ya ratsa? Idan aka ce maka "lafiyarsa lau, gas kawai zai sha", ka sani gas ba shayi ba ne da ake sha kullum safe. A rufe yake cikin bututu, ba ya ƙarewa sai in akwai ɓula, don haka wannan magana ma'anarta akwai ramin da ba a gano ba tukuna. Ku juyo da bayansa ga haske. Duk mahaɗar bututun da ka ga ta yi maiƙo, ƙura ta manne mata ta yi baƙi, nan ne yake yoyo, domin mai yana biyo gas ya fito. Sannan ka buɗe ɗakin ƙanƙara ka shafa bangonsa da yatsa. Za ka ji tarihin gidan gaba ɗaya a wurin: kowane tabo wuƙa ce da wani ya sa yana ɓamɓare ƙanƙara ana gab da shan ruwa. Tabo ɗaya da aka like ana iya zama da shi. In sun kai uku ko huɗu, ka yi godiya ka nemi takalminka.

Gani ya kori ji, saboda haka a jona shi a gabanka, ko da janareta za ka ɗauko haya na awa ɗaya. Kwamfiresa mai lafiya yana tashi da gurnani ɗaya, sannan ya koma wani ɗan kuka mai laushi kamar kyanwa ta ƙoshi. Wanda ya yi "ƙyas", ya yi shiru, bayan minti biyu ya sake "ƙyas", ko dai rile ne ya mutu, abin da ba shi da tsada, ko kuma kwamfiresan ne ya ƙame, wanda shi ne rabin kuɗin firjin. Waliyyinka zai bambance maka. Bayan kamar minti ashirin, bututun baya ya ɗauki ɗumi, na ciki ya fara farin raɓa. Sai gwajin da ya fi kowanne arha: ka zaro takardar naira ɗari, ka rufe ƙofa a kanta, ka ja. In ta zame ba gardama, robar ta mutu a wurin. Ka zagaye ƙofar duka da wannan gwaji, ka kuma tabbata kuɗin aljihunka suka koma.

Akwai abu guda da babu raha a cikinsa. Firjin da suka fi tsufa suna da mariƙi mai sakata, wanda idan ya rufe ba ya buɗuwa daga ciki. A Amurka yara da yawa sun mutu a cikin irinsu suna wasan ɓuya, har aka yi doka a 1956 cewa dole ƙofar firji ta buɗu da turawa daga ciki, abin da ya yaɗa robar ƙofa mai maganaɗisu da muka sani yau. Gidajenmu cike suke da yara. In ka sayi mai sakata, a cire harshen sakatar tun ranar farko, a bar mariƙin don ado.

Ɗauko amarya ma da ladabinsa. A tsaye ake ɗora firji a bayan a-kori-kura, a ɗaure shi da igiya, a sa tsohuwar katifa tsakaninsa da ƙarfen mota. Idan dole ta sa aka kwantar da shi a hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma, to man kwamfiresa ya gangara cikin bututu, sai a tsayar da shi ya kwana kafin a jona shi. Maƙwabta za su taru suna cewa a kunna a gani. Ka ba su haƙuri, ka ce baƙo ya huta tukuna.

Mai hankali zai ce, ai gas ɗin waɗannan firjin an hana shi. Gaskiya ne. Yawancinsu da R12 aka yi su, wanda aka gano yana cinye rufin sararin sama da ke tare mana zafin hasken rana mai cutarwa. Ƙasashen duniya sun sa hannu a yarjejeniyar Montreal ranar 16 ga Satumba 1987, mako guda cif kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina, daga baya kuma aka ba ƙasashe irin Najeriya wa'adi zuwa 2010 su daina amfani da sabonsa. Amma a duba abin da hujjar ke nufi da kyau. Gas ɗin da ke kulle cikin bututu mai lafiya ba ya cutar da kowa. Ranar da ɗan gwangwan ya sa guduma ne yake tashi sama gaba ɗaya. Firjin da ke aiki da gas ɗinsa na asali, a bar shi da abinsa. Wanda ya riga ya zubar, sai a toshe ɓular, a wanke bututu, a sauya ɗan matacin da ke bakinsa, a mayar da shi kan R134a. Nan ne ake gane makanike na ƙwarai, domin man da ke tafiya da R12 daban yake da wanda R134a ke so, kuma wanda ya ɗura sabon gas a kan tsohon mai ya sayar maka da sanyin wata uku ne. Sau da yawa sauya kwamfiresan gaba ɗaya ya fi kwanciyar hankali. In kuwa wani ya ce zai ɗura maka gas ɗin girki don araha, ka raka shi har ƙofar gida. Tsohon firji yana da makunnai masu tartsatsi, ba a gina shi don gas mai kamawa da wuta ba.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ba zan rage mata nauyi ba: tsohon firji maci ne. Manyan firjin Amurka na shekarun 1970 suna shan lantarki ninki uku ko fiye na sababbi masu girmansu. Don haka wanda ya kafa sola da batir da inbata, yana lissafin kowane ɗigon wuta, bai dace ya auro wannan dattijo ba, zai cinye masa batir kafin asuba. Ya nemi sabo mai cin kaɗan. Shawarata ta mutumin da ke kan layin NEPA ce, mai ƙaramin jari, wanda kuɗin sabo ya fi ƙarfinsa, wanda kuma zaɓinsa na gaskiya shi ne tsakanin tsohon da ya san asalinsa da na gwanjo ɗan Beljiyam da aka fesa wa fenti a Legas ba a san cikinsa ba. Sannan wani ɓangare na cin nan gyaruwa yake yi. Robar da ta saki tana sa kwamfiresa aiki ba hutu, haka ƙurar hunturu da ta lulluɓe bututun baya. Sabuwar roba da tsintsiya mai laushi suna rage abin sosai. Sitabilaiza mai jinkirin kunnawa kuma wajibi ce, domin ranar da wuta ta zo ba ƙarfi, ƙwan ɗaki ya yi ja kamar garwashi, tsoho da sabo duk ƙonewa suke yi.

Wanda ya yi sa'a zai iya cin karo da sarkin tsofaffi, firji mai kananzir, irin wanda ƙananan asibitocin karkara suka daɗe suna ajiye allurar rigakafi a ciki. Wasu ɗalibai biyu na ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙago dabararsa a 1922, kamfanin Electrolux ya ɗauke ta a 1925. Abin mamaki ne a gani: ɗan harshen wuta a ƙasa, ƙanƙara a sama, babu kwamfiresa, babu abin da ke juyawa, babu ƙara. Zafin fitilar ne ke tafasa ruwan amoniya, tururin ya zagaya bututu ya zuƙe zafin cikin akwatin ya dawo. Buƙatunsa na dattawa ne. Yana son ya zauna daidai ba karkata, sai ka ɗora tasa cike da ruwa a kansa ka ga ko ruwan ya kwanta sosai. Yana son a gyara masa lagwani har wutar ta yi shuɗi, a goge masa kunkunniya a bututun hayaƙi, a ajiye shi inda iska ke ratsawa, ba ɗakin kwana ba. In ya daɗe a ajiye ya ƙi sanyi, masana aikin sukan kifa shi ƙafa a sama na wasu sa'o'i don ruwan cikinsa ya gauraye, sannan a miƙar da shi ya huta kafin a kunna. In ka ji wari mai hawa ka, ko ka ga garin rawaya a mahaɗar bututu, amoniya ta fita, wannan kam ya gama aikinsa. Matsalarsa a yau ita ce kananzir ya fi fetur tsada, ga kuma haɗarin gurɓataccen kananzir da aka cakuɗa da fetur, wanda ya sha tashin gobara a ƙasar nan. Wasu irinsa suna da wurin jona tukunyar gas, su ne suka fi dacewa da ƙauyen da turakun wuta ba su kai ba.

A wajen gyara, kuskuren da aka fi yi shi ne farawa da fenti, kamar mai yi wa mara lafiya lalle. Wayoyi ne farko, domin robar tsohuwar waya tana farfashewa, firjin ya riƙa jan duk wanda ya taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. A sauya su, a haɗa wayar da ke kai wuta ƙasa. Sai gas, sai robar ƙofa, sai a duba gindinsa, inda ruwa ke taruwa tsatsa ta ci. In audugar da ke cikin bango ta sha ruwa, a zare ta a cusa busasshiya, don jiƙaƙƙiya ba ta riƙe sanyi. Cikinsa a wanke da ruwan ɗumi da bakar hoda, a kwana da kwanon gawayi a ciki ya zuƙe warin daddawar shekara ashirin. Bayan ya yi mako guda yana aiki ba tangarɗa, sannan a kai shi wurin mai fentin mota, a rufe tambarin kamfanin da takarda kada a shafe masa suna. A gida a ɗora shi kan katako, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, nesa da murhu da tagar da rana ke shigowa. Duk sararin da ya rage a ciki a cika shi da gorunan ruwa, su ɗauki sanyi lokacin da akwai wuta, su riƙe sanyin idan an ɗauke. Wuƙar ɓamɓarar ƙanƙara kuma a mayar da ita madafi, a rataye ludayin roba a jikin ƙofar.