Lissafin Dokin Rano Tsakanin Rigasa da Idu

Duk majalisar da aka taɓo zancen tafiya Abuja daga Kaduna sai an rabu gida biyu. Ga 'yan jirgin ƙasa, masu zaro waya su nuna maka tikiti tun ba ka tambaya ba. Ga masu mota, waɗanda ke cewa su fa agogon wani ba zai mallake su ba. Ni ina cikin jam'iyya ta uku, wadda ta fi kowace yawan mabiya da yawan shan wahala, wato ta masu neman arha, mu da za mu ƙona data ta naira dubu muna bincike domin mu tsira da ɗari biyar. Abin da na tsaya a kai shi ne ɓangarorin nan biyu duk lissafin dokin Rano suke yi, sai dai na mai mota ya fi muni, kuma muddin mutum shi kaɗai zai yi tafiyar, jirgi ya fi sauƙi ko da an tara duk wulaƙancin da ke cikinsa an ɗora a kan kuɗin tikiti.

Layin dogon nan mai tsawon kilomita 186, daga Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna, an buɗe shi ne a watan Yulin 2016, kamfanin CCECC na China ya gina shi da bashin da aka ciwo daga can. Da jirgin ya dawo aiki a Disambar 2022 bayan dakatar da shi da aka yi saboda hari, farashin da aka sanar shi ne naira 3,600 a taragon talakawa, 6,500 a na tsakiya, 9,000 a na manya. To, a ɗauka ƙaramar mota tana shan lita goma a kilomita ɗari, wanda adalci ne ga tsofaffin motocinmu na Kwatano, ka ga zuwa kaɗai za ta sha wajen lita ashirin. A wancan lokacin litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, saboda haka mai mota yana da bakin magana: man da zai kai shi Abuja da tikitin jirgi kusan kunnen doki suka yi. Sai aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira dubu, lita ashirin ɗin nan ta koma dubu ashirin. Abin mamaki, har yau za ka ji mai mota yana kawo hujjar da ya haddace tun zamanin tallafi, da ƙarfin murya iri ɗaya.

Kuma fetur ɗin ma shi ne ƙaramin abin da ke cin aljihunsa, don shi ne kaɗai ake biya a gabansa yana kallon mita. Taya tana cinyewa ba ta sallama. Baƙin mai yana ƙonewa, birki yana sudewa, ramukan hanyar nan da aka shekara da shekaru ana gyara suna yi wa ƙafar mota aiki a hankali. Mako biyu bayan tafiyar sai a ji wani abu yana ƙwas-ƙwas a ƙasa, a kai wa bakanike, ya shiga ƙarƙashi da sifana, ya daɗe, ya fito yana goge hannu da tsumma yana girgiza kai, ya ce, "Alhaji, Allah ne ma ya kiyaye ka da ka iso nan." Wannan jimla ita ce mafi tsada a harshen Hausa, amma ba mai rubuta ta a lissafin tafiya Abuja, sai a ce ai mota ce ta tsufa. Turawan Ingila, da ba sa wasa da kwabo, sun daɗe da gane haka: daga 2011 hukumar harajinsu ta shafe fiye da shekara goma tana ƙiyasta kwabon ƙasar 45 a kowane mil ga wanda ya yi tafiyar aiki da motarsa, alhali man da ƙaramar mota ke sha a mil ɗaya bai kai rabin haka ba. Sauran duk na taya ne da gyara da inshora da faɗuwar darajar mota, a ƙasar da hanyoyinta ba su san irin namu ramukan ba.

Za a ce ai shi ma ɗan jirgi tikiti kaɗai yake ƙirgawa, kuma gaskiya ne. Babu wanda gidansa ke bakin dandamalin tasha. Rigasa tana can gefen gari, Idu kuwa an kai ta wurin da in ka sauka sai ka sake tambayar hanyar Abuja. Masu tasi na bakin ƙofa sun san ba ka da zaɓi, suna kallon jakarka da takalminka kafin su yanka farashi, sau da yawa shatar da za ta shigar da kai gari ta yi gogayya da kuɗin da ya ɗauko ka daga Kaduna. A nan ne mu masu neman arha muke nuna gwanintarmu. Ba za mu ɗauki shata zuwa Rigasa ba, Allah ya sawwaƙe, Keke Napep za mu hau mu jira ya cika, mu sauka a hanya mu canja wani don ya fi sauƙi da naira ɗari, mu shiga gosulo, mu iso daidai lokacin da taragon ƙarshe ke juya mana baya. Daga nan sai a koma tashar mota ta Kawo ko Mando da tikitin jirgi a waya, a biya kuɗin mota, a biya kuɗin komawa tashar motar, a isa Abuja bayan an tashi daga ofishin da aka je dominsa. Amma wannan laifin rowa ne, ba na jirgi ba. Wanda ya fito da wuri, ya sauka a Kubwa idan nan ta fi kusa da inda za shi, ko ya hau jirgin cikin gari da aka farfaɗo da shi a Mayun 2024 daga Idu, ko da ya biya tasi gaba da baya, da wuya ya kai kuɗin man mota, balle na bakanike.

Sai batun samun tikitin kansa. A Ingila neman arha ilmi ne mai zaman kansa: wanda ya saya da wuri yana samun rangwame, akwai katin da ke rage kashi ɗaya cikin uku, har ma mutum kan yanka tafiya ɗaya gida biyu, ya sayi tikiti biyu a jirgi ɗaya, bai ko tashi daga kujerarsa ba, kuɗin ya ragu. Mu a nan dabarar ɗaya ce tak, ka samu. An kawo sayar da tikiti ta intanet a Janairun 2021 saboda koke-koken cuwa-cuwa, daga baya aka haɗa da lambar NIN, amma fasinjoji ba su daina kukan cewa kujeru na ƙarewa cikin ƙiftawar ido ba, sa'an nan a bakin tasha wani ya matso ya rage murya ya ce, "Yallaɓai, akwai ɗaya da ta rage, amma ka san yanayi." Ko a ƙarshen Disambar 2023 da gwamnati ta ce a hau kyauta, kujerun ba su ƙaru ba, masu son banza ne suka ƙaru. Na yarda wannan haraji ne da ba ya cikin doka, sai dai ko tikitin 3,600 ya ninka a hannun ɗan cuwa-cuwa, bai kamo dubu ashirin ba. Abin haushi ne mutum ya lissafa ya ga ko an cuce shi ma riba ya ci.

Hujjar da ta fi ƙarfi a hannun mai mota ita ce ta iyali, kuma ba zan yi musu ba. Maigida da uwargida da 'ya'ya huɗu da suka girma, tikiti shida a farashin can ya haura dubu ashirin da ɗaya, ga tasi biyu a kowane ɓangare, ga buhun da Hajiya ta ce ba za a bari ba. Mota ba ta ƙirga kai, a nan ta yi nasara. Amma a leƙa motocin da ke kama hanyar Abuja ranar Litinin da asuba a ga nawa ne ke ɗauke da mutum shida. Galibi mutum ɗaya ne da babbar rigarsa a rataye a baya. Wasu kuma za su ce a bar duka biyun a shiga motar haya. Wannan arha ce ta gaske ga wanda ya yarda a zauna biyu a gaba huɗu a baya, giya tana dukan gwiwarsa har Zuba, kuma bai ɗauki ƙugunsa a matsayin dukiya ba.

Akwai abin da ba ya shiga lissafi, kuma ba wurin raha ba ne. Mutane sun koma jirgi ne tun farko saboda garkuwar da ake yi a hanyar mota wajen Rijana da Katari, sai ga shi ranar 28 ga Maris 2022 an kai wa jirgin kansa hari, aka kashe mutane, aka tafi da fiye da sittin, na ƙarshensu ba su dawo ba sai a watan Oktoba. Wanda ya ce tun daga ranar ba ya iya hawa, ba ni da alƙaluman da zan ja da shi.

Wanda nake ja da shi shi ne mai cewa mota ta fi arha saboda 'yanci. 'Yancin nan shi ke tsayar da kai a Tafa ka ci abincin da ba ka yi niyya ba, ka sayi doya don ka ga but a buɗe, ka ƙara da manja don mai doya ta ce ƙanwarta ce ke sayarwa. Shi ke sa ka sauke gilashi a kowane shinge ana ce maka "ranka ya daɗe, yaranka suna nan". Kuma da zarar dangi sun ji da mota za ka, an gama da kai: Gwaggo tana da saƙon garin tuwo zuwa Nyanya, ɗan maƙwabci zai bi ka ka rage masa hanya zuwa Suleja, ya sauka ya tsaya jikin taga yana sosa ƙeya, ka san kuɗin acaɓa yake jira. Ɗan jirgi kuwa sai ya ce, "Wallahi Gwaggo, jaka ɗaya zan iya ɗauka," ta yi masa addu'a, ta aika wa mai mota.