Malamai Iri-Iri a Gaban Manhajar Ba da Labari

A shekarun 1990, Dana Atchley da Joe Lambert suka fara koya wa mutane a Kalifoniya ta Amurka yadda za su haɗa ɗan gajeren bidiyo na labarin rayuwarsu, aikin da ya haifar da cibiyar da ake kira StoryCenter a yau. Tsarinsu ba shi da hayaniya: minti biyu ko uku, hotuna kaɗan, da muryar mai labarin. Kafin kowa ya taɓa kwamfuta, sai an zauna an kewaya, kowa ya faɗi labarinsa da baki, 'yan uwansa su yi masa gyara. Da abin ya iso makarantunmu, kwamfutar ta iso lafiya lau, zaman kewayen ne ya sauka a hanya. Shi ya sa manhaja ba ta gyara malami, sai dai ta fallasa halin da ya zo da shi daga gida.

Dubi Malam Sarkin Manhaja. Wayarsa cike take da Canva da CapCut da Book Creator da Scratch, kullum tana kukan ta cika, shi kuwa hotunan bikin ƙanwarsa yake gogewa don ya sauko da wata sabuwa. Kowane zangon karatu da tasa manhajar, har yaran suka ƙware wajen buɗe akawun da manta lambar sirri, amma babu wanda ya taɓa kai labari ƙarshe. Da zai waiwaya, da ya ga maƙabartar da yake ginin darasinsa a kai. Microsoft ta janye Movie Maker a 2017, Adobe ta binne Flash a ƙarshen 2020 tare da ɗimbin shafukan yara da suka dogara da shi, Google ta rufe Jamboard a ƙarshen 2024. Yaron da aka koya wa inda maballi yake ya yi asara ranar da aka rufe kamfani. Wanda aka koya wa yadda ake buɗe labari da inda ake tsayar da shi, nasa na nan a kansa.

Maƙwabciyarsa a ofishin malamai ita ce Malama Kwalliya. A wurinta hoto ba ya shigowa da sallama, sai ya yi juyi uku ya tarwatse ya dawo. Kiɗan fim ɗin Indiya ya danne muryar yarinyar da ke ba da labarin, an kuma zaɓi haruffa masu lanƙwasa waɗanda ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, duk inda suka zo sai ɗan akwati ya fito. Amma gara ita da Malam Kawo-in-yi-maka, wanda shi zai rubuta, shi zai ɗauki hoto, shi zai haɗa, sannan ya liƙa sunan ɗan aji huɗu. Ranar raba kyaututtuka sai ka ji yaro ɗan shekara tara yana cewa "bisa la'akari da halin da ƙasa take ciki", iyaye na tafi, yaron na kallon takarda kamar sammaci. A samansu duka akwai hedimasta mai makulli, wanda allunan kwamfutar da aka ba makaranta suke cikin ledarsu a kabad, ba sa ganin rana sai baƙi daga ma'aikatar ilimi sun zo, a ce "Ranka ya daɗe, ga su nan lafiya ƙalau." Malami mai yawon bita kuwa ba sai an daɗe a kansa ba: takardun shaida jaka guda, kuɗin mota ya shiga aljihu, darasi sai bita ta gaba.

Mai hujja a cikinsu shi ne Malam A-zamaninmu, kuma bai kamata a yi masa dariya da wuri ba. Yana cewa kaka ba ta taɓa neman caji ba kafin ta kawo Gizo da Ƙoƙi, kuma ajin da yara suka haura ɗari, ba wuta, data da tsada, ba wurin wasan bidiyo ba ne. Yana ƙarawa da cewa sa fuskar ɗan mutane a intanet ba da izinin iyayensa ba ganganci ne, kuma a nan gaskiyarsa cikakkiya ce. Inda ya kauce shi ne, a gaban kaka yaro mai sauraro ne, a nan kuwa ana so ya zama mai labarin, ya rubuta, ya ji muryarsa, ya gane da kansa inda ya yi tuntuɓe. Batun tsada ma ya ragu. Shafin African Storybook na cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu, wanda aka buɗe a 2014, da StoryWeaver na Pratham Books ta Indiya na 2015, suna da labaran yara da Hausa kyauta, a sauko da su, a buga a takarda, a fassara ko a ƙirƙiro sabo. Manhajar Bloom ta SIL tana haɗa littafi ko babu intanet. Ga yaran da littafin karatu da harshensu yake musu wuyar samu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wani zai ce rashin adalci ne a yi wa malami ba'a alhali albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Haka ne, kuma waɗannan halaye ba daga sama suka faɗo ba. Masu ba da tallafi da masu duba makarantu adadin na'urori suke ƙirgawa, hoton yara a gaban allo suke so don rahoto, malami kuwa ya san abin da ake yaba masa. Akwai dai wani iri da ba ya shiga rahoto: mai waya ɗaya da fasasshen gilashi, wanda yake sa yara su rubuta a littafi tukuna, su karanta wa juna, su yi gardama a kan ko kurar ta cancanci abin da ya same ta, sannan ranar Alhamis mutum biyar su ɗauki muryarsu, a saurara a aji. Shi ne in sufeto ya zo yake rubuta masa cewa har yanzu bai rungumi fasahar zamani ba, a tura shi bita.